Wayar girke da aka zo da ita daga ƙasar waje: abin da ya kamata a sani kafin a jona ta

Cikin kayan da ƴan Nijar mazauna ƙetare ke komowa da su gida akwai wayar girke, wato wayar tarho ta ɗaki wadda ake ajiyewa bisa tebur. Wasu daga Faransa ko Beljiyam suke zuwa da ita, wasu daga Amurka, Ingila ko Saudiyya. Galibi wayar lafiyarta lau a can, amma da zarar an jona ta a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa sai ta ƙi yin ƙara, ko ta ƙi nuna lambar mai kira, ko ma ta ƙone nan take. Dalili kuwa shi ne kowace ƙasa da nata tsarin kuran, da nata kan waya, da kuma zangon iska da hukuma ta yarda a yi aiki da shi.

Iri uku na wayar girke

Abu na farko shi ne a gane irin wayar. Akwai mai igiya zalla, wadda ba ta buƙatar kuran na gida domin daga layin tarho take samun ƙarfinta. Akwai maras igiya, wadda ke da mazauni da ake jonawa da priz, kan wayar kuma yana aiki da batir. Sai ta uku, mai kamar wayar tebur amma ana saka mata katin SIM kamar salula. Mai igiya zalla ita ce mafi sauƙin ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. Maras igiya ita ta fi kawo matsala.

Maganar kuran

Kuran da kamfanin Nigelec ke bai wa gidaje volt 220 ne, a kan hertz 50. Faransa, Beljiyam, Ingila, Najeriya da Gana duk suna kan volt 230 da hertz 50, saboda haka kayansu na aiki a Nijar ba tare da wani canji ba. Amurka da Kanada kuwa volt 120 ne da hertz 60, Japan volt 100. Saudiyya tana kan hertz 60, kuma a tsofaffin gidajenta an daɗe ana aiki da volt 127 tare da 220.

Amsar tana rubuce a jikin kan cajin wayar da ƙananan haruffa. Idan an rubuta 100-240V, 50/60Hz, to zai yi aiki ko'ina. Idan 120V kaɗai aka rubuta, jona shi kai tsaye a priz na Nijar zai ƙona shi cikin ƴan daƙiƙoƙi, wani lokaci har da mazaunin wayar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi ɗan kan roba mai canza siffar ƙafafu a kasuwa a ɗauka an gama. Wannan siffa kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin kuran ko kaɗan.

Mafita biyu ce. Ko dai a sayi ƙaramin transfo mai mayar da 220 zuwa 110, ko kuma, abin da ya fi sauƙi, a nemi wani kan caji na 220 wanda ke fitar da daidai abin da tsohon ke fitarwa. A nan abu huɗu ake dubawa: yawan volt ɗin da yake fitarwa, kamar 6 ko 9, ko DC ne ko AC, yawan amper, wanda bai kamata ya gaza na tsohon ba, sai kuma inda alamar + da − suke a bakin da ke shiga wayar. Idan aka juya waɗannan alamomi, wayar na iya lalacewa ko da volt ɗin daidai yake.

Siffar ƙafafun ma ta bambanta. Na Faransa zagayayyu ne guda biyu, irin waɗanda aka fi sani a Nijar. Na Ingila, Najeriya, Gana da Saudiyya ta yanzu guda uku ne masu kusurwa. Na Amurka falle-falle ne guda biyu.

Kan da ke shiga layin tarho

Ƙaramin kan roba mai haske da ake kira RJ11, wanda ya samo asali daga Amurka, shi ne ya bazu a duniya, kuma shi ne ke jikin mafi yawan wayoyi. Bambancin yana ɗaya bakin igiyar, wanda ke shiga bango. Faransa ta daɗe tana aiki da babban kai mai siffar harafin T, kuma ana samun irinsa a tsofaffin gidaje da ma'aikatu na ƙasashe rainonta. Ingila tana da nata kai mai faɗi, Jamus kuma tana da wanda ake kira TAE.

Layin tarho zare biyu ne kawai na tagulla, saboda haka sau da yawa canza igiya ya wadatar. Sai dai a kula, a tsarin RJ11 zare biyu na tsakiya ne ke ɗauke da layi, alhali wasu wayoyin Ingila da na Jamus a zaren gefe suke karɓa. Shi ya sa mutum kan saka sabuwar igiya ya ji shiru, ya zaci wayar ta mutu. Wasu tsofaffin wayoyin Ingila kuma suna jiran ƙararrawa ta wani zare na uku: ana iya kira da su, ana iya magana, amma ba sa ƙara idan an kira su, sai an saka musu mahaɗi na musamman mai ɗan ƙaramin kwandansater a ciki.

Zangon iska: inda doka ta shigo

Wayar da ba ta da igiya ƙaramar tashar rediyo ce, tana aikawa tana karɓa tsakanin mazauni da kan waya. A Turai tsarin da ake kira DECT yana aiki tsakanin 1880 da 1900 MHz. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, ta haɗa Afirka da Turai cikin shiyya guda wajen rabon zango, don haka wayar da aka sayo a Turai ba ta cika yin karo da kowa ba a nan.

Ta Amurka daban take. Wadda aka rubuta ma DECT 6.0 tana aiki tsakanin 1920 da 1930 MHz, kuma wannan yana cikin zangon da salula ke aika saƙo zuwa ga eriyar kamfani a tsarin 3G na 2100 MHz, wanda ake amfani da shi a Turai da Afirka. Tsofaffin wayoyin Amurka masu alamar 900 MHz suna tsakanin 902 da 928, suna cin iyaka da zangon GSM. Waya guda irin wannan tana iya raunana rezo a kewayen gidan, kira ya riƙa yankewa ga maƙwabta, mai gidan bai ma sani ba, tun da mazaunin wayar yana aika alama ko ba a magana. A Faransa da Ingila hukumomin kula da zango sun sha bin diddigin irin waɗannan wayoyi har ƙofar gida suna hana amfani da su.

A Nijar hukumar ARCEP, wadda ta maye gurbin ARTP a shekarar 2018, ita ke kula da zango da kuma amincewa da kayan sadarwa. Ba a iya canza zangon wayar DECT 6.0 ta hanyar danna maɓalli, kuma transfo ba ya gyara wannan. Abin da ya dace shi ne a bar ta a can, ko a ajiye ta ba a jona ba.

Lambar mai kira da sauran saiti

Nuna lambar mai kira ma ba tsari ɗaya ba ne. A Amurka ana aiko lambar tsakanin ƙara ta farko da ta biyu. A Ingila kafin ƙara ta farko take zuwa. Wasu ƙasashe suna aiko ta da sauti irin na danna lambobi, wanda ake kira DTMF, wasu kuma da tsarin FSK. Wayoyi na zamani da dama suna gane duka biyun, wasu kuma sai an shiga saiti an canza ƙasa. Kuma dole ne kamfanin layin ya buɗe wannan hidima tukuna.

Maɓallin R, wanda ake dakatar da kira ko miƙa shi ga wani ofis da shi, yana da tsawon lokaci daban-daban: kashi 270 cikin dubu na daƙiƙa a Faransa, 100 a Ingila, fiye da haka a Amurka. Idan ya yi tsawo sai ya kashe kiran gaba ɗaya, idan ya gajarta ba ya yin komai. Haka nan idan akwai zaɓi tsakanin bugun lamba na da da na sauti, a bar shi a kan sauti.

Lambobin da aka adana su ma sai an sake su. Lambar Nijar 227 ce, lambobin cikin gida kuma guda 8 ne. Na girke suna farawa da 20, kamar 20 41 a Maraɗi, 20 51 a Damagaram, 20 61 a Tawa. Don kiran waje ana fara danna 00, ba 011 na Amurka ba. Maɓallin gaggawa da aka saita a kan 911 ko 999 ba shi da amfani a nan: ƴan sanda 17 ne, ƴan kwana-kwana 18.

Wace hanya za a jona ta?

Layin girke a Nijar yana hannun Niger Télécom, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Ba kowace unguwa ce ke da zaren tagulla ba, saboda haka kafin a wahala da ɗauko waya ya kamata a tambayi ofishin kamfanin ko layi na isa gidan. Wasu akwatunan intanet suna da ramin RJ11 a baya, kuma waya na iya aiki ta nan idan kamfanin ya haɗa hidimar kira a cikin kwantaragi.

Akwatin intanet da aka zo da shi daga Faransa ko Amurka galibi mallakar kamfanin can ne, ba zai kawo lambar can zuwa Nijar ba. Wayar tebur mai SIM kuma tana iya kasancewa a kulle ga kamfani guda, ta ƙi karɓar katin Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Télécom sai an buɗe ta. Tsofaffin wayoyin tebur na tsarin CDMA, irin na Starcomms ko Multi-Links da aka yi yayi a Najeriya, ba sa aiki da rezon GSM ko kaɗan.

Ɗaukewar wuta, zafi da tsawa

Waya mai igiya zalla a kan zaren tagulla tana ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta, domin tana samun volt kusan 48 daga cibiyar tarho. Maras igiya kuwa da zarar kuran ya tafi mazauninta ya mutu, ko da batirin kan wayar a cike yake. Haka ma duk wayar da ke bi ta akwatin intanet. Gidan da ke da tsoho ko maras lafiya gara ya ajiye mai igiya ɗaya a gefe, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke ƙaruwa, wuta na yawan yankewa.

Dawowar kuran da ƙarfi na ƙona kan caji, don haka regilater ko priz mai kariya yana da amfani. Da damina tsawa kan biyo zaren tarho, sai a cire igiyar idan hadari ya taso, kuma kada a yi magana da waya mai igiya ana walƙiya. Batiran kan waya galibi masu caji ne na volt 1,2, irin NiMH. Kada a maye gurbinsu da batiran rediyo ko na tocila, domin mazauni zai yi ƙoƙarin yi musu caji, su kumbura ko su tsiyaye.

Wanda zai bar Nijar zuwa wata ƙasa shi ma wannan lissafi ya hau kansa. Wayar 220 za ta yi aiki a Turai da ƙasashe maƙwabta, amma a Amurka da Kanada ba za ta samu isasshen kuran ba, kuma zangonta na 1880 zuwa 1900 MHz a can na kamfanonin salula ne. Idan kuɗin transfo, igiya da mahaɗi ya kusa kai kuɗin sabuwar waya, sayen ta a ƙasar da za a zauna ya fi sauƙi, ya kuma fi kwanciyar hankali.