Wuyan Keke da Aikin Mai Shi a Minna

Jirgin ƙasa ne ya raya Minna, tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, amma keke ne ya haɗa garin da ƙauyukansa. Keken Raleigh na Nottingham, wanda daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kano, da Phoenix na Shanghai da ya biyo bayansa, siffarsu ɗaya ce: wuya mai tsayi da bai miƙe gaba sosai ba, kan keken kuma ya lanƙwaso wajen mahayi, har ya zauna a miƙe. Masu ganin wannan ƙira tsohon yayi ce sun manta aikin da ta yi. Manomin Gwari da ya labta doya a kariya daga wajen Paiko yana bukatar ganin ramukan hanya tun daga nesa, ƙugunsa kuma ya kai shi gida lafiya. Gwanintar mai gyaran keke na wancan zamani tana kan noti guda da ke saman wuyan: ya kwance shi, ya ɗaga ko ya sauke daidai tsayin mai keken, ya daidaita sandunan birki, ba tare da ya wuce zanen da masana'anta ta yi a jikin ƙarfen ba, domin wuce shi na iya karya wuyan ana cikin tafiya.

Za a ce sunkuyawa ta fi gudu, tunda tana rage bugun iska. Haka ne, amma ga mai tsere. Mai ɗauke da buhun masara nauyi ne ke danne shi, ba iska ba.

Kekunan gwanjo da suka shigo daga baya sun sauya sana'ar. Da yawansu na da wuyan da ya bazu tun shekarun 1990, wanda ake ɗaurewa daga waje, kuma ba ya ɗaguwa sai kaɗan. Sai dai a canza shi ɗungurungum, a zaɓi tsawo, galibi milimita 60 zuwa 130, da karkata ta digiri 6 ko 17, a kuma duba kaurin kan, ko milimita 25.4 ne ko 31.8. Ɗalibin da ke zuwa makaranta a Bosso a kan keken da aka auna wa wani dogon Bature zai sha ciwon wuya da kafaɗa. Masu gyaran keke na Minna, ku auna mahayin kafin ku ɗauki sifana.