Yadda ake tantance zoɓo mai kyau

A ƙasar Faransa, masu ɗanɗanon giyar inabi kan hallara a yankin Bordo kowace shekara domin yanke hukunci a kan amfanin da aka tsinka a kakar da ta wuce. Suna duba launi, su shinshina, su ɗanɗana, kuma hukuncinsu na tasiri a kan farashi.

A Jihar Zamfara, inda aka haramta barasa tun da shari'ar Musulunci ta fara aiki a shekara ta 2000, jan abin shan da aka sani shi ne zoɓo. Shi ma yana da masanansa a kasuwannin Bukkuyum da Gummi da Anka, kuma da ido da hanci da harshe suke aikinsu.

Asalinsa

Ana samun zoɓo daga yakuwa, wadda Sakkwatawa da Zamfarawa ke kira sure. Abin da ake jiƙawa shi ne jan ɓawon da ke lulluɓe ƙwanson iri bayan fure ya faɗi. Irin da ke ciki shi ne gurguzu, wanda ake yin daddawa da shi.

Ana shuka yakuwa da damina, galibi a gefen gona ko a tsakanin gero da dawa, a tsinke zoɓonta da kaka. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, ɓawon kan fito ƙanana marasa kauri. Idan kuma danshi ya yi yawa lokacin shanya, sai ya yi fumfuna. Shi ya sa zoɓon bana kan bambanta da na bara, ko da daga gona ɗaya suka fito.

Ido da hannu

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne launi. Ja mai duhu ya fi daraja, domin kaɗan daga cikinsa kan rina ruwa mai yawa. Sinadarin da ke ba shi wannan launi dangi ɗaya ne da wanda ke cikin fatar jan inabi.

Daga nan sai ya damƙi kaɗan ya matsa. Wanda ya bushe sarai yakan yi ƙaras-ƙaras ya karye, mai sauran danshi kuwa lanƙwashewa yake yi. Yakan kuma tura hannu can ƙasan buhu domin neman yashi da tsakuwa da kara da ƙwari.

Hanci da harshe

Sabon zoɓo yana da ƙamshi mai ɗan tsami. Warin rima ko na hayaƙi alama ce ta mummunar ajiya.

Wajen ɗanɗano, ana jiƙa shi a ruwa zalla, ba sukari, ba citta, ba kanumfari, domin kayan ƙamshi suna ɓoye aibi. Abin da ake nema shi ne tsami mai kaifi wanda ba ya barin ɗaci a maƙogwaro. Ba a sa kanwa a wannan gwaji, saboda tana kashe tsami tana kuma sauya launi.

A nan zoɓo ya saɓa da giyar inabi, wadda wasu nau'o'inta ke ƙara tsada idan sun daɗe a ajiye. Shi zoɓo, yana kwana yana raguwa: haske da zafi suna kashe launinsa, har ya koma ruwan ƙasa.

Abin da ke cikin shanya

Yawancin aibin zoɓo daga wurin shanya yake samuwa. Wanda aka baza a ƙasa yakan kwashi ƙura da kashin dabbobi, saɓanin wanda aka shanya a kan tabarma ko tamfol.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a Anka da Bukkuyum, inda a shekara ta 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Harshe ba ya gane dalma, don haka kariyar ita ce a nisanta shanya daga inda ake sarrafa ma'adinai.

Kasuwa

Zoɓon arewacin Najeriya yana bi ta manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da Maigatari a Jigawa, ya isa har Meziko, inda ake kiransa jamaica. A Senegal sunansa bissap, a Sudan da Masar kuwa karkade.

Masu fitar da shi waje suna ware shi daraja-daraja kafin su biya. Manomin da ya kawo buhu mai yashi ko danshi yakan ga an karya masa farashi, ko kuma a bar masa kayansa.