Duwatsun Ado a Kano: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Zawaciki

Tun kafin masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa su kafu, cinikin duwatsun ado ya daɗe da kama ƙasa a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Fataken Sahara ne ke kawo murjani da tsakiya, wato ƙananan duwatsun gilashi masu huda, ta hanyar Tarabulus da Gadamus, har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, ya lissafa duwatsun Turai cikin hajar da ya tarar. Daga kudu kuwa, Masaga na Bida, waɗanda suka gaji narka gilashi a ƙasar Nufe, suna aiko da nasu.

Isowar layin dogo a 1911 ta karkatar da cinikin zuwa Ikko, daga baya kuma roba ta shigo da arahar da ta sa jigida, wato zaren duwatsun da mata ke ɗaurawa a ƙugu, ta wadata a hannun kowa, ko da yake ƙimarta ta ragu a idon dattawan mata.

Saƙa duwatsu da siririyar waya da kwarashi baƙuwar dabara ce, amma ba ta yi wa matan da suka saba saƙar hula da kayan jarirai wuya ba, domin ana jera duwatsun a wayar tukuna, sannan a riƙa janyo su ɗaya-ɗaya cikin saƙar har sarƙa ko awarwaro ya fito. Ta fuskar jigilar kaya kuwa, a Zawaciki ta ƙaramar hukumar Kumbotso, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, kwantena ce ta gaji raƙumin fataken Sahara.