Ilimin Nazarin Laifuka da Tarihin Shigarsa Jami'a

Ilimin nazarin laifuka fanni ne da ke binciken sababin aikata laifi, da halin mai aikata shi, da kuma yadda 'yan sanda da kotuna da gidajen yari suke mu'amala da shi. Ya sha bamban da ilimin shari'a, domin shi alƙali abin da ke gabansa shi ne ko laifi ya tabbata da hujja, kuma wace uƙuba ce ta wajaba, alhali mai nazarin laifuka yana neman sanin abin da ya kai mutum ga laifin tun farko, da kuma ko uƙubar ta hana wani kwatanta irinsa.

Asalin fannin daga Italiya ne. A shekarar 1764, zamanin da kotunan Turai suka saba azabtar da wanda ake tuhuma har sai ya yi iƙirari, wani saurayi ɗan birnin Milan, Cesare Beccaria, ya wallafa ɗan littafi a kan laifuka da uƙubobinsu, inda ya kafa hujja cewa tabbacin hukunci da gaggawarsa sun fi tsananinsa tsoratar da mai niyyar ɓarna. Daga 1827 gwamnatin Faransa ta fara buga ƙididdigar shari'o'in laifuka duk shekara, malamai irin su Guerry da Quetelet kuma suka lura cewa adadin kisa da sata ba ya wani sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Wanda ya fi kowa tashe a wancan ƙarni shi ne likita Cesare Lombroso, wanda, bayan ya duba ƙoƙon kan wani ɓarawo mai suna Villella ya ga wani ɗan kwarmi ta wajen ƙeya, ya ƙudurta cewa ya gano alamar mutumin da aka haifa da laifi a jininsa, ya kuma shiga auna muƙamuƙai da kunnuwa da tsawon hannuwan fursunoni, har ya fito da littafinsa a 1876. Wannan ra'ayi ɓata ne mai cutarwa, domin babu zaluncin da ya kai a zargi mutum da surar da aka halicce shi da ita. Charles Goring, likitan gidan yari a Ingila, ya auna fursunoni kusan 3,000, ya gwada su da sojoji da ɗaliban jami'a, ya bayyana a 1913 cewa babu wata sura ta musamman da ke bambanta mai laifi. Duk da haka Lombroso ya bar gado guda mai amfani, wato duba mai laifin da kansa maimakon wadatuwa da nassin doka, kuma ɗan mazhabarsa Raffaele Garofalo ne ya yaɗa sunan fannin da littafinsa na 1885.

Shigar fannin ajin jami'a kuwa a Amurka ta yi ƙarfi. August Vollmer, shugaban 'yan sandan Berkeley, wanda ya yi imani cewa ɗan sanda jahili haɗari ne ga jama'a, ya fara koyar da darussa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1916, aka buɗe cikakkiyar makarantar fannin a can a 1950. A birnin Shikago, Clifford Shaw da Henry McKay suka sanya gidajen yaran da aka gurfanar a kotu a kan taswira, suka nuna a 1942 cewa unguwannin talakawa na kusa da masana'antu su ne dai ke fid da masu laifi, ko da wace ƙabila ce ta gaji wata a cikinsu. Edwin Sutherland, mawallafin wani littafin karatun fannin na 1924, shi ya fi su ƙarfin hali, domin a 1939 ya juya kan attajirai da manyan ma'aikata, daga baya ya bi diddigin kamfanoni 70, ya tabbatar da cewa zamba da ha'inci a ofis laifi ne kamar fasa shago, sai dai masu yin sa ba kasafai suke kwana a kurkuku ba. A Ingila, Leon Radzinowicz ya kafa cibiyar nazarin laifuka ta Jami'ar Kambirij a 1959.

Digirin farko a fannin ya yawaita ne bayan 1968, lokacin da gwamnatin Amurka ta ware kuɗi don 'yan sanda da gandirobobi su koma makaranta, kwalejoji suka yi ta buɗe sashen nazarin tsarin hukunta laifuka. Nan saɓani ya taso, wanda har yau bai ƙare ba: wasu na ganin aikin sashen horar da ma'aikatan hukuma ne, wasu na ganin tuhumar hukumar kanta ne. Wannan jayayya na cikin abin da ya kai ga rufe makarantar Berkeley a 1976.

A Nijeriya fannin ya daɗe a ƙarƙashin sashen nazarin zamantakewa, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne Farfesa Femi Odekunle ya karantar da shi. Daga baya jami'o'i, ciki har da Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, suka mai da shi digiri mai zaman kansa, haɗe da nazarin tsaro.