Wa ke lissafin itatuwanmu?

Jama'ar Tasawa da Mayahi, mu tuna yunwar 1984. Lokacin, itace na gwamnati ne a doka, manomi kuwa bai kula da abin da ba nashi ba. Gonaki suka koma fako, iska tana binne shuka.

Daga 1983 Tony Rinaudo ya yaɗa sassaben zamani a Maraɗi: a bar kututture ya tofo, a rage rassa. Kwamitocin ƙauye suka riƙe aikin, irin na Ɗan Saga, inda manoma, mata da makiyaya ke cin tarar mai sara.

Yau ana neman shugabannin manyan kamfanoni su ma su riƙa lissafa haɗarin canjin yanayi. Mu kuma, gawonmu da gorubar Gulbin Kaba suna bukatar kwamitocinmu su ci gaba da zama.