Cizon Kare da Maganin Gargajiya a El Allassane Maïreyrey

A ƙauyukan El Allassane Maïreyrey, a yankin Mayahi, kare tsohon abokin mafarauci ne da makiyayi, don haka cizonsa ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni, idan ya cafki yaro a ƙauri, wurin boka ko wanzami ake nufa, a shafa garin magani, a ɗaure da tsumma. Masu kare wannan al'ada sukan ce ai yara da yawa sun warke. Gaskiya ne, amma yawancin karnukan lafiyarsu ƙalau, miki ne kawai ya rufe. Ciwon haukan kare kuwa yakan ɓuya wata biyu ko uku, sannan yaro ya fara firgita da ganin ruwa, a ce iskoki ne, an manta da cizon. Daga nan kusan babu mai tashi.

Tarihin ciwon ya sauya ne a Faransa ranar 6 ga Yuli 1885, da Louis Pasteur ya sa aka yi wa Joseph Meister, ɗan shekara 9, allurar riga-kafi, yaron kuma ya rayu. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne. Wani zai ce asibiti da nisa, allura da tsada. Ba a musun wannan, sai dai matakin farko a tsakar gida yake. Iyaye, ku wanke mikin da ruwa da sabulu minti 15, kada ku ɗaure shi, ku kai yaron asibiti a ranar.