Mantuwar kalmar sirri a Chrome da Firefox: me ke dawowa, me ke salwanta

Chrome, manhajar shiga intanet ta kamfanin Google wadda ke zuwa cikin mafi yawan wayoyin Android, tana da tsarin daidaita bayanai. Ma'ana, shafukan da mutum ya adana, da tarihin inda ya shiga, da kalmomin sirrinsa na Facebook da makamantansu, ana ajiye kwafinsu a rumbun kamfanin. In ya canza waya ya shiga asusunsa, sai su sauko masa. Firefox ta Mozilla ma tana da irin wannan tsari.

A Chrome makullan rumbun biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa.

Na farko shi ne kalmar sirrin asusun Google, wadda jama'a ke ce ma kode na Gmail. In an manta ta akwai gyara, don Google na aiko da lambobi ta saƙo zuwa layin waya ko imel ɗin da aka ba shi. Sai dai a ƙauyukanmu sau da yawa ba mai wayar ne ya buɗe asusun ba. Wataƙila yaron da ke cajin waya a kasuwa ne, ko ɗan'uwan da ya aiko da ita daga Libiya ko Abijan, kuma lambarsa ya sa. To can saƙon zai tafi. Ƴan'uwa na waje, in za ku aiko da waya gida, ku cire asusunku tukuna, a buɗe ma mai ita nasa da layinsa.

Na biyu jimlar sirri ce. Ba dole ba ce, mutum ne ke ƙara ta da kansa don a rufe bayanan yadda ko Google ba ya iya karanta su. Tunda kamfanin bai san ta ba, ba ya iya tuna ma kowa ita, kuma canza kode na Gmail ba ya taɓa ta. Wanda ya manta ta, hanya guda ta rage masa: ya goge abin da ke rumbun, ya soma sabo. Duk mai cewa a ba shi kuɗi ya fasa ta, a yi hattara da shi.

A Firefox kuwa, kalmar sirrin asusun ce ke rufe bayanan. Wanda ya manta ta ya sa sabuwa, abin da ke rumbun ya tafi, sai fa in tun farko ya ajiye makullin ceto na haruffa da lambobi 32 da Mozilla ke bayarwa.

A Firefox, gogewar nan a rumbun kamfani take tsayawa. Abin da ya riga ya sauka cikin waya ko kwamfutar da ke hannu yana nan, kuma daga gare ta ake sake cika rumbun. Saboda haka tsohuwar waya, ko da gilashinta ya tsage, kada a sayar da ita, kada a kai ta a wanke, sai an ga komai ya shigo sabuwar. Wankewar ma tana da nata tarko: tun Android 5.1, wayar da aka goge ba tare da an cire asusun ba tana iya neman kode na wannan asusun kafin ta buɗe.

Kode da jimlar sirri, a rubuta kowanne da sunansa a takarda, tare da lambar layin da aka buɗe asusun da ita, a ajiye inda ake ajiye takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa.